Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Gidajenmu A Bayan Tsofaffin Katunan Gidan Waya

Gabatarwa

Da wuya a sami tsohon gida a garinmu da za a rasa wata adaka ko fantimoti da aka tura ƙarƙashin gado tun bayan rasuwar mai shi. A ranar rabon gado an ƙididdige gonaki da dabbobi da tufafi, kowane magaji ya kama nasa, amma takardun da ke cikin adakar ba wanda ya bi ta kansu, domin masu yi wa dukiya kima ba su ga abin da za su sa musu ba. A cikin irin waɗannan takardu ne akan tarar da rasit na haraji, da takardar sallama daga aikin soja, da tsohon fasfo na aikin hajji, sa'an nan da waɗansu 'yan katuna masu kauri, hoto a gabansu, rubutu da kan sarki a bayansu. Waɗannan su ne katunan gidan waya, waɗanda tsofaffin ma'aikata ke kira fos-kad.

Manufar wannan maƙala ita ce ta jawo hankalin 'yan'uwa, musamman mu da neman ilimi ko neman abinci ya kai Kano da Kaduna da Abuja da Legas, zuwa ga darajar waɗannan katuna wajen gano tarihin gidajenmu. Labarin da muke ji daga bakin tsofaffi yana riƙe da sunan mutum da halinsa da dalilin tafiyarsa, sai dai yakan zubar da shekara a hanya. Za a ce maka kakanka ya daɗe a Gwanja, amma ba mai iya ce maka ga shekarar da ya tafi. Shi kuwa kati ba ya dogon bayani, amma yana ɗauke da rana da wata da shekara da sunan garin da aka aiko shi. Idan aka haɗa su biyun, sai labari ya sami ƙafar tsayuwa. Abin damuwar shi ne dukansu suna ƙarewa a lokaci guda: gara na cin katin, dattawan da za su fassara shi kuma suna barinmu ɗaya bayan ɗaya.

Asalin katin da yadda ya iso ƙasar Hausa

A ranar 1 ga Oktoba 1869 ne hukumar gidan waya ta daular Ostiriya da Hangare ta fara sayar da wani kati da za a yi rubutu a kansa a aika ba tare da ambulan ba, a kan kuɗin da bai kai na wasiƙa ba. Ingila ta bi sahu a 1870, kuma a 1894 ta ba 'yan kasuwa izinin buga nasu katunan, abin da ya buɗe ƙofar katuna masu hoto. A 1902 aka yarda a raba bayan katin gida biyu da layi, hagu na saƙo, dama na adireshi. Kafin wannan shekara bayan katin gaba ɗaya na adireshi ne, mai saƙo sai dai ya matsa 'yan kalmominsa a gefen hoto. Daga nan har zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, aika kati da tara shi sun zama ruwan dare a ƙasashen Turai.

Wannan yayi ya zo daidai da shigowar Turawa ƙasarmu. Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, Kano ta shiga hannunsu a Fabrairu 1903, Sakkwato kuma a Maris na wannan shekara. Tun kafin zuwansu wasiƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin sarakuna da malamai da attajirai suna rubuta wa juna da Larabci da ajami, a danƙa wa manzo ko madugun ayari. Abin da Turawa suka ƙaro shi ne gidan waya da kan sarki da hatimi mai kwanan wata. Da fari masinjoji ne ke ɗaukar jakunkunan wasiƙa a ka daga bariki zuwa bariki. Daga baya jirgin ƙasa ya karɓi aikin: ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a Nuwamba 1925, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano.

Ya kamata a lura cewa a shekarun farko Turawa da akawunansu 'yan bakin teku ne suka fi mu'amala da gidan waya. Bahaushe ya shigo ne sannu a hankali, gwargwadon yadda karatun boko ya yaɗu, tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, zuwa Kwalejin Katsina a 1922, zuwa fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har zuwa yaƙi da jahilci na shekarun 1950. Wanda bai yi boko ba yakan rubuta saƙonsa da ajami, sa'an nan ya nemi marubucin wasiƙa a ƙofar gidan waya ya sa masa adireshi. Wannan ne ya sa akan ga kati ɗaya da hannu biyu a kansa. Akwai kuma katunan da ba su taɓa shiga gidan waya ba: an zo da su ne a matsayin tsaraba, ko an ba wani mai tahowa gida ya kawo. Irin waɗannan ba su da kan sarki, amma su ma shaida ce cewa wani daga gidan ya taka waccan ƙasa.

Hanyoyin da iyayenmu suka bi

Duk wanda ya baje katunan gidansu zai ga cewa sun fito ne daga waɗansu 'yan hanyoyi sanannu. Ta farko ita ce hanyar Gwanja, wadda fataken goro suka daɗe suna bi zuwa kasuwar Salaga. Bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874 kasuwar ta fara ja baya, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya tarwatsa baƙin garin zuwa Kete Karaci da Kumasi da Akra, inda unguwannin zango suka bunƙasa. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete Karaci ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata ma, mutumin Bebeji, ya yi fataucin goro a can kafin ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Katin da ya fito daga wannan ƙasa, in an rubuta Gold Coast a kan sarkinsa, to galibi na kafin 6 ga Maris 1957 ne, ranar da ta sami 'yanci ta zama Ghana. Idan kuma aka ga katunan wani ɗan'uwa sun yanke a ƙarshen shekarun 1960, sai a tuna da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta Nuwamba 1969, wadda ta maido da Hausawa da dama gida, ta kuma raba waɗansu da iyalansu.

Hanya ta biyu ita ce ta aikin albashi a cikin gida Nijeriya. Haƙar kuza ta ja mutane zuwa Jos da Bukuru, inda ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa a 1914, aka kuma rufe layinsa a 1957. Tsakanin 1942 da 1944 gwamnati ta riƙa ɗibar mutane da tilas daga ƙauyuka zuwa ramukan kuza, abin da dattawa ke kira ɗiban gwamna. Waɗannan bayin Allah ba su cika barin takarda ba, amma akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan sanda da malaman asibiti, waɗanda akan yi wa canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Kafancan, daga Minna zuwa Legas, sun bar katuna da ke nuna kowane zango da suka yada.

Ta uku ita ce hanyar soja. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka tafi Indiya, daga can suka shiga dajin Bama tsakanin 1943 da 1945. Wasiƙar soja tana bi ta hannun jami'in tacewa, ba a yarda ya faɗi inda yake ba, hatimin da ke kanta kuma lamba kawai yakan nuna maimakon sunan gari. Saboda haka katin tsohon soja yakan zama gajere ƙwarai, gaisuwa da neman addu'a. Katuna masu hoton Bombai ko Kalkata da akan samu tare da lambobin yabo, sau da yawa an sayo su ne a hanyar dawowa.

Ta huɗu ita ce hanyar gabas. Kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, maniyyaci yakan bi ta Maiduguri da Fot Lami da Abeshe da Aljunaina da Alfashir, ya shiga jirgin ƙasa a Al'ubayyid, ya ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mutum yakan tsaya ya yi ƙodago ya tara guzuri, musamman a gonakin auduga na Jazira waɗanda aka buɗe a 1925. Da yawa ba su dawo ba. Sun tarar da 'yan'uwansu da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, waɗanda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, suka zauna tare da su. Kan sarkin Sudan mai sauƙin ganewa ne, domin daga 1898 ya daɗe yana ɗauke da hoton ɗan kai wasiƙa a kan raƙumi. A bayan waɗannan duka sai katunan ɗalibai, daga Bakhtur Ruda ta Sudan da Alƙahira da Landan, waɗanda suka yawaita gab da samun mulkin kai da bayansa.

Gaban kati da bayansa

Kowane kati murya biyu gare shi. Gabansa muryar mai bugawa ce, wanda galibi kamfanin Turawa ne ko shagon littattafai na mishan ko mai hoto na bakin teku, kuma abin da zai burge mai saye a Turai shi yake nema. Shi ya sa hotunan ƙasarmu suke maimaita kansu: ganuwar Kano, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, dalar gyaɗa, ayarin raƙuma, mahaya a hawan daba. Mutanen da ke cikin hoton kuwa ba a damu da sunayensu ba. A ƙasan hoton sai a rubuta Hausa trader kawai, ko Haussa a katunan Jamusawa na Kamaru da Togo, ko Haoussa a na Faransawa na Damagaram. Mutum mai suna da iyaye da unguwa ya koma samfurin ƙabila. Akwai ma katunan da aka ɗauki mata da fursunoni a yanayi na wulaƙanci, waɗanda ke ba da labarin mai kyamarar fiye da na waɗanda aka ɗauka.

A nan ne masu neman tarihin gida suka fi yin tuntuɓe. Za a ga wani dattijo da rawani a kan doki a jikin kati, shekaru su shuɗe, sai yaran gidan su taso suna cewa kakanmu ne, alhali an buga dubbai irinsa an sayar a kantuna. Akwai hanyar rarrabewa. A zamanin da, masu hoto sukan wanke hoton mutum a kan takarda mai bayan kati, har girman ya zama abin da ake kira girman fos-kad. Wannan hoto ne na gaskiya, kwafinsa kaɗan ne, sau da yawa da hatimin mai hoton da garinsa a baya. Idan aka duba shi da gilashin ƙara girma za a ga inuwarsa a sulɓe take. Katin kasuwa kuwa za a ga ɗigo-ɗigo ko ƙananan ƙwayoyin tawada, da rubutaccen bayani a ƙasa, da sunan kamfani ko lambar jeri. Na farko yana iya zama kakanka. Na biyu da wuya.

Duk da haka hoton katin kasuwa ba abin yarwa ba ne, domin yana nuna duniyar da mai aikowa ya gani. Katin da ya nuna babban masallacin Kano da hasumiyoyinsa dogaye bai girmi farkon shekarun 1950 ba, domin a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina shi. Wanda ya nuna Haramin Makka da ƙananan ƙubbobin Turkawa kaɗai, da gidajen mutane sun matso jikinsa, hoto ne na kafin faɗaɗawar da aka fara a 1955. Haka kuma zaɓin hoton ma magana ce: ɗan ƙauyen da ya aiko wa mahaifinsa hoton tashar jiragen ruwa ta Legas yana gaya masa ne cewa ga inda Allah ya kawo ni.

Yadda ake gane shekarun kati

Abu na farko da za a duba shi ne hatimin gidan waya, wato zagayen tawadar da aka buga a kan kan sarki. In ya fito sosai, ya gama magana, domin yana ɗauke da gari da rana da wata da shekara. In ya dushe, sai a koma ga kan sarkin kansa, wanda sunansa na Hausa ma ya nuna amfaninsa. Daga 1900 zuwa 1913 Arewa tana da nata kan sarki mai rubutun Northern Nigeria, da fari da kan Sarauniya Biktoriya, daga 1902 da na Sarki Edwad na 7, daga 1912 da na Sarki Joji na 5 mai gemu. Bayan haɗewar Kudu da Arewa a 1914 rubutun ya koma Nigeria kawai. Sarki Joji na 6, wanda ba shi da gemu, ya yi mulki daga ƙarshen 1936 zuwa 1952. A 1953, zamanin Sarauniya Elizabet, aka fitar da jeri mai hotunan ƙasa: na kwabo ɗaya mahayan Barno, na ahu gyaɗa, na kwabo biyu haƙar kuza, na taro gadar Jebba. Bayan 1 ga Oktoba 1960 kan sarauniya ya fara ɓacewa, daga Janairu 1973 kuma aka daina rubuta sule da fam, aka koma naira da kwabo. A dai tuna cewa tsohon kan sarki yakan ci gaba da aiki bayan an fitar da sabo, don haka abin da yake tabbatarwa shi ne katin bai riga wannan shekara ba.

Adireshi ma agogo ne. Katin da aka aiko ta hannun kantin U.A.C. na bayan 1929 ne, shekarar da aka kafa kamfanin. Wanda ya ambaci Lardin Katsina na bayan 1934 ne, lokacin da aka cire shi daga Lardin Zariya. Wanda ya ce North-Western State ko North-Central State ko North-Eastern State ya faɗo tsakanin 1967 da 1976, domin a tsakanin waɗannan shekaru kaɗai jihohin suka rayu. Fot Lami ta koma Injamena a 1973. Kalmomin ta hannun hakimi, ko ta hannun ofishin En'e, ko ta hannun wani mai kanti, suna nuna wa gidan yake jingina da shi a wancan lokaci, abin da labarin baka ba ya cika faɗa. Idan kuma malami ne ya rubuta da ajami ya sa shekarar Hijira, to akwai turaku biyu masu sauƙin riƙewa: shekara ta 1300 ta kama ne a Nuwamba 1882, ta 1400 kuma a Nuwamba 1979.

A ɗauki misali. A ce an sami kati mai hoton wata kasuwa, da kan sarki mai rubutun Gold Coast da kan Sarki Joji na 6, hatimin ya dushe amma ana iya karanta Kumasi, an kuma aiko shi ta hannun wani mai kanti a tasha. Ko ba a karanta saƙon ba, an riga an san cewa mai aikowa yana Kumasi a tsakanin ƙarshen shekarun 1930 da farkon shekarun 1950. Idan saƙon ya yi jajen yunwa, sai a tambayi dattawa ko 'Yar Gusau ake nufi, wadda aka yi a 1942. Da haka ne sunayen shekaru da tsofaffi ke ƙirga da su, irin su Kakalaba ta 1914 da annobar mura ta 1918 da Muɗa ta 1953 zuwa 1954, suke haɗuwa da lissafin kalanda.

Sunaye, alkunya da ilimin tsofaffi

Mafi wuyar aikin yana cikin saƙon kansa. Wanda ya ɗauko kati yana zaton zai sami labari mai tsawo zai sha mamaki, domin kusan dukansa gaisuwa ce: bayan gaisuwa mai yawa, a gai da wane, a gai da wance, ina nan lafiya. Dalili kuwa shi ne kati a buɗe yake tafiya, akawun gidan waya zai gani, mai kanti zai gani, yaron makarantar da za a kira ya karanta a zaure ma zai ji. Ba mai sa sirrinsa a irin wannan takarda. To amma jerin gaisuwar nan shi ne taskar. Yana nuna waɗanda ke raye a gidan a wannan rana, da yadda aka jera su bisa girma. Idan aka jera katunan mutum ɗaya bisa shekaru, za a ga ranar da wani suna ya ɓace daga jerin, da ranar da sabo ya shigo, wato mutuwa da aure da haihuwa ke nan suna bayyana ba tare da an ambace su ba.

Sai dai Bahaushe ba ya kiran kowa da sunan yanka. Ɗa ba zai rubuta sunan mahaifiyarsa ba, sai ya ce Iya ko Inna ko Gwaggo. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan fari, yaron da aka sa wa sunan kakansa kuma ya zama Mai Sunan Malam ko Abba har tsufansa. A gida ɗaya ana iya samun Inna uku a zamani daban-daban. Ba wani littafi ko ɗakin adana tarihi da zai warware wannan ƙulli, sai mutumin da ya rayu a cikin gidan. Galibi kuma tsofaffin mata ne ke riƙe da wannan ilimi, su da ba a cika tambaya ba idan ana zancen asali. Salsalar da ake karantawa a taruka ta maza ce zalla, wane ɗan wane jikan wane. Jerin gaisuwar da ke bayan kati na daga cikin 'yan wuraren da za a ga an rubuta iyayenmu mata da kakanninmu mata, ko da da laƙabi ne.

Wajibi ne kuma a shiga wannan aiki da natsuwa, domin takarda ba ta san kawaici ba. Kati yana iya nuna cewa marigayi ya bar mata da 'ya'ya a Kumasi ko a Omdurman waɗanda gida bai san da su ba, ko cewa shekarun da aka ce ya yi yana karatu a gabas ya yi su ne yana dako. Yana iya rushe wani labarin asali da aka daɗe ana taƙama da shi. Irin wannan ba abin da za a saki a dandalin WhatsApp na dangi ba ne kafin manya su ji. A kai musu tukuna, domin abin da ya taɓa nasaba yana iya taɓa gado. Amma ɓoye shi ko ƙona shi ba gyara ba ne. Akwai Hausawa a zangunan Ghana da ƙauyukan Sudan waɗanda abin da suka sani game da asalinsu bai wuce sunan gari da sunan kaka ba, kuma adireshin da ke bayan wani kati a adakar gidanku yana iya zama igiyar da ta rage tsakaninku da su.

Adanawa da neman ƙarin bayani

Wanda Allah ya sa katunan gidansu suka faɗo hannunsa, amana ce ya riƙe wa sauran. Kada a ɓare kan sarki don a ba yaro mai tarawa, domin rabin shaidar ke nan aka cire. Kada a manna su da gam ko salatif, kada kuma a kai su a rufe da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, saboda ba a iya warware wannan aiki in an yi shi. Duk bayanin da aka samu a rubuta shi a wata takarda daban, ba a jikin katin ba. In an tarar da su a ɗaure, a lura da yadda aka jera su kafin a kwance, domin mai su yana da dalilin haɗa su. A ɗauki hoton gaba da baya da wayar hannu a cikin haske mai kyau, a rarraba wa 'yan'uwa, sa'an nan a ajiye na ainihin a busasshen wuri, nesa da bango da ƙasa.

Bayan haka sai a zauna da dattawa, a karanta musu katin a hankali, a naɗi muryarsu da izininsu, a bar su su yi ta zance ko da sun kauce, domin a kaucewar ne akan tsinci abin da ba a san za a tambaya ba. Wanda ke son zurfafawa yana iya zuwa Ɗakin Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda ake ajiye da rahotannin haraji da littattafan gundumomi na zamanin Turawa, ko Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, ko Gidan Makama a Kano. A waɗannan wurare ba lalle a ga sunan kakan mutum ba, amma za a ga hakimin da aka aiko katin ta hannunsa, da halin da gundumar take ciki a shekarar.

Kammalawa

Iyayenmu da suka tafi Gwanja da Bama da Sudan sun riga mu sanin zaman baƙunta, kuma da 'yan kwabbai da layi huɗu ko biyar suka riƙe zumunci na shekaru. Mu da ke zaune a birane a yau magadansu ne ta wannan fuska, sai dai saƙonninmu suna cikin wayoyi ne da kan ɓace ko su lalace, don haka ba tabbas jikokinmu za su sami abin da muka samu. 'Ya'yanmu da aka haifa a Abuja da Legas suna rubuta sunan garin nan a takardun makaranta, alhali da yawansu ba za su iya kiran sunan kakan mahaifinsu ba. Saboda haka duk wanda zai zo gida da sallar bana, ya ware yini guda, ya nemi izinin manya a jawo adakar nan a buɗe, ya zo da 'ya'yansa su zauna kusa, a kira Gwaggo ko Inna tun tana iya tuna wace ce ake nufi da wance. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.